Addini a Hannun Masu Mulki: Nazari kan Rikicin Kafanchan da Zangon Kataf, 1986–1999

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda gwamnatin soja ta yi amfani da Musulunci wajen neman karɓuwa, da abin da hakan ya jawo wa Kudancin Kaduna. Ta nuna cewa tushen rikicin yana ga sarauta, gona da kasuwa, sannan masu mulki suka sa masa rigar addini.

Shimfiɗa

Turawan mulkin mallaka sun bar al'ummu irin su Atyap, Bajju da Fantswam a ƙarƙashin masarautun Zazzau da Jama'a. Da yawancinsu suka karɓi Kiristanci, sai ƙorafin haraji da na shugabanci ya koma tamkar tsakanin Musulmi da Kirista.

Daga Fez zuwa Kafanchan

A watan Janairun 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigar da Nijeriya Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, OIC, a taron birnin Fez na Maroko, ba tare da an yi wa 'yan ƙasa bayani ba. Mataimakinsa Ebitu Ukiwe ya fito fili ya ce majalisar mulkin soja ba ta tattauna batun ba. Kafin shekarar ta ƙare an sauke shi. A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da shirin tsuke bakin aljihu na SAP. A ganinmu wannan haɗuwa tana da muhimmanci, domin muddin malamai da fastoci na cacar baki kan OIC, talaka ba ya samun sararin tambayar me ya karya darajar naira.

Ranar 6 ga Maris 1987 faɗa ya ɓarke tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a wajen wani taron wa'azi. Cikin kwanaki kaɗan wutar ta kai Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina, aka ƙona coci-coci da masallatai. A shekarar ce Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya fitar da littafinsa kan yadda manya ke juya addini don kare muradunsu.

Rikicin Zangon Kataf na Fabrairu da Mayun 1992 tsakanin Atyap da Hausawa ya faro ne daga batun sauya wa kasuwa matsuguni. Kotun musamman ta Mai Shari'a Benedict Okadigbo ta yanke wa Janar Zamani Lekwot, ɗan ƙabilar Atyap, hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗauri. Atyap sun ɗauki shari'ar a matsayin son kai, Hausawan da aka kashe wa dangi kuwa suka ga an yi watsi da jininsu.

Sakamakon Bincike

Sai a 1995 gwamnatin Kanar Lawal Ja'afaru Isa ta ba Atyap da Bajju masarautunsu. A Kafanchan, inda aka bar batun sarauta yadda yake, rikici ya sake tashi a watan Mayun 1999 lokacin miƙa sanda ga sabon Sarkin Jama'a. Muna kira ga masu bincike su koma ga rahotannin kwamitocin Donli da Cudjoe da suka binciki waɗannan rikice-rikice, su auna shawarwarin da aka aiwatar da waɗanda aka jingine.