ZARE: Idan kujeru sun yi kaɗan, wa ya cancanci tikitin wasan ƙarshe?

1/ 'Yan gidan kallo na Bodinga da Shagari, yau zan ja zare kan abin da ba mu cika tattaunawa ba. Muna musu kan 'yan wasa da koci har dare ya raba, amma ba mu tambayar yadda ake raba tikiti idan babban wasan kofi ya zo. Akwai tarihi a ciki, har da rayuka. Ku biyo ni a hankali.

2/ Mu fara da gida. Ranar 22 ga Maris 1980, Green Eagles ta ci Aljeriya 3-0 a filin wasa na Surulere a Legas, Najeriya ta ɗauki kofin Afirka karon farko. Wanda ya miƙa wa kyaftin Christian Chukwu kofin ɗan garin Shagari ne, Shugaba Shehu Shagari. Ke nan wasan ƙarshe ba baƙonmu ba ne.

3/ Kofin ƙalubale na Najeriya ma ya girmi ƙasar da kanta. An fara shi a 1945 da sunan Kofin Gwamna, ƙungiyar Kano ta ɗauke shi a 1953. Har yau tsarinsa daga jihohi yake farawa: a buga kofin jiha, waɗanda suka kai ƙarshe su wuce matakin ƙasa. Ta nan ƙungiya irin Sokoto United kan haɗu da manya.

4/ To ina aka samo maganar "ba tikiti, ba shiga"? Ranar 28 ga Afrilu 1923 aka buga wasan ƙarshe na Kofin FA na farko a Wembley, Bolton da West Ham. Masu shiryawa sun ɗauka filin ya ishi kowa, sai suka bari a biya a ƙofa. Jama'a ta yi ambaliya, aka tsallake shinge, har tsakiyar fili ya cika da mutane.

5/ A hukumance an rubuta 'yan kallo 126,047, amma an yi ƙiyasin sun kai 200,000 ko fiye. Sai da 'yan sanda bisa dawakai suka tura mutane gefe kafin a take leda. Bolton ta ci 2-0. Daga wannan rana aka yanke cewa wasan ƙarshe sai da tikitin da aka saya tun kafin ranar.

6/ Da aka toshe wannan ɓaraka, sai wata ta ɓullo. Tikiti ya zama ƙayyadadde, dole wani ya zauna ya raba. Shekaru da yawa hukumar FA tana ba ƙungiyoyin biyu da suka kai ƙarshe kaso kaɗan, saura ya tafi ga hukumomin gundumomi da sauran kulob. Daga can wasu tikitin su faɗa hannun 'yan cuwa-cuwa, su ninka kuɗi.

7/ Kulob-kulob suka shiga tunani: tikiti dubu kaɗan, masu so dubu ɗari, yaya za a gane mai goyon baya na gaske? Manchester United da wasu suka yi dabara. A ɗan littafin shirin wasa da ake sayarwa a kowane wasan gida, akwai 'yar takardar shaida. Ka yanke, ka manna a takarda, ka adana.

8/ Ranar da babban wasa ya zo, wanda takardarsa ta fi cika shi ne a gaban layi. Wanda ya sha ruwan sama yana kallon ƙaramin wasa a tsakiyar mako ya riga wanda sai an kai ƙarshe yake tunawa da kulob. Wannan ita ce kakar tsarin maki na yau. Bambancin kawai, yanzu kwamfuta ke ƙirgawa.

9/ A yau Chelsea na ba da maki kan wasannin da ka saya, Liverpool na duba yawan wasannin da ke rubuce da sunanka. Idan masu cancanta sun fi tikiti yawa, sai a jefa ƙuri'a. A Sifaniya kuwa, Real Madrid da Barcelona mallakin mambobinsu ne, su ake fara dubawa.

10/ Kada wani ya ce ai wannan maganar jin daɗi ce kawai. Ranar 15 ga Afrilu 1989, Liverpool da Nottingham Forest, wasan kusa da na ƙarshe a filin Hillsborough. Liverpool ta fi yawan 'yan kallo a gida, amma an ba ta tikiti kusan 24,000, Forest ta samu kusan 30,000, aka kuma tura 'yan Liverpool ɓangaren da ƙofofinsa suka yi kaɗan.

11/ Da cunkoso ya yi yawa a waje, 'yan sanda suka buɗe wata babbar ƙofa, mutane suka kwarara wurin da ya riga ya cika. Mutum 97 ne suka rasu sanadin wannan rana. Sai a 2016 masu bincike a kotu suka tabbatar da cewa ba laifin magoya baya ba ne. Shekara 27 iyalai suna neman a wanke 'ya'yansu.

12/ Bayan rahoton alƙali Taylor na 1990, manyan filayen Ingila suka koma na kujera zalla, kowane tikiti da lambarsa. A 1994 kuma doka ta haramta sayar da tikitin ƙwallo a bayan fage ba da izinin masu wasan ba.

13/ Amma fa kada ku ɗauka Turawa sun gama gyara. A 2019 an kai wasan ƙarshe na Europa birnin Baku, Chelsea da Arsenal, kowace ta samu tikiti kusan 6,000 a filin da ke cin sama da 60,000. A 2022 a Faris, Liverpool da Real Madrid kowace kusan 20,000 cikin 75,000. Manyan baƙi da masu tallafi suna da nasu kaso mai tsoka.

14/ Shi kansa tsarin maki yana da illarsa. Mai maki shi ke samun tikiti, tikitin kuma shi ke ƙara maki. Yaro ɗan shekara 18 ta ina zai shiga? Wasu ma sukan sayi tikitin wasan da ba za su je ba, su ba wani, don kada makinsu ya faɗi. Shi ya sa wasu kulob ke ware wani kaso na ƙuri'a ga sauran mambobi.

15/ Mu dawo Najeriya. Mu tsarinmu yawanci biyu ne: ko a sayar a ƙofa ranar wasa, ko wani babba ya ce "an buɗe ƙofa kyauta." Na biyun yana da daɗin ji, amma ku tuna Kaduna. Ranar 25 ga Maris 2016, Najeriya da Masar a filin Ahmadu Bello, gwamnatin jiha ta ce shiga kyauta ne.

16/ Kun ga hotunan: mutane sun ɗare ƙarfen fitilu da allon maki, wasu har bakin layin fili. An tashi 1-1, Allah Ya kiyaye ba a yi asarar rai ba, CAF ta ci tarar Najeriya. A Kamaru ba a tsira ba. A Janairun 2022, mutum 8 suka rasu a turmutsitsi a ƙofar filin Olembe.

17/ Ku dubi Kano Pillars, wadda ba a jayayya kan yawan magoya bayanta. A 2018 ta yi gaba da 3-0 a wasan ƙarshe a Asaba, Enugu Rangers ta farke ta cinye a bugun fenariti. A 2019 ta ɗauki kofin a Kaduna a kan Niger Tornadoes, shi ma da fenariti. Tambayata: wanda ya bi su har Asaba ya dawo da baƙin ciki, bai cancanci kujerar farko a Kaduna ba?

18/ Nan ne abin ya shafe mu. Ɗan Bodinga ko Shagari da zai kalli wasa a filin Giginya sai ya biya kuɗin mota, ya bar gona ko shago. Idan a ƙofa ake sayarwa, ɗan cikin gari ya riga shi layi. Idan rabawa aka yi ta hannun manya, sai wanda ya san wani. Nisa ya zama masa haraji na biyu.

19/ Kuma mun san tsarin kaso, ba sabon abu ba ne a wurinmu. Kujerun aikin Hajji ana raba wa jihohi, jiha ta raba wa ƙananan hukumomi. Sakkwato na da 23. Ko a gidan kallo, mai gida ya san wanda ke zuwa kowane mako, ranar El Clasico yakan ajiye masa benci na gaba. Tsarin maki ke nan, ba takarda.

20/ Ga abin da nake ganin za a iya yi ba tare da kuɗi mai yawa ba. A yi rajistar magoya baya da lambar waya, reshe-reshe: Bodinga, Shagari, Yabo, Tambuwal, Dange Shuni. Kowane wasa ka shiga a rubuta. Idan babban wasa ya zo, a fara sayarwa kwana uku kafin ranar, masu yawan halarta su fara.

21/ A ware wa rassan wajen gari kasonsu. A ware wani na ƙuri'a don sababbi da ɗalibai, kada mu maimaita kuskuren Ingila. Idan wani mai hali zai biya wa jama'a, madalla, amma a buga tikiti daidai yawan kujeru, a kuma faɗi a fili nawa aka ba manyan baƙi.

22/ Kulob ma zai amfana. Ƙungiyar da ta san sunayen magoya bayanta tana da abin nuna wa kamfanin da take neman tallafinsa, ba sai ta zauna jiran gwamnati kaɗai ba. Mai goyon baya kuma da ya san zuwansa ƙaramin wasa yau zai ba shi kujera gobe, zai zo ko da ƙungiyar ba ta ci.

23/ Yanzu ku faɗa min. A ce Sokoto United ta kai wasan ƙarshe, an ba ta kaso ƙayyadadde. Wa za a fara ba: wanda ya fi halarta, wanda ya fara zuwa layi, ko a jefa ƙuri'a? Ku rubuta garinku da amsarku, sannan ku tura wa shugaban magoya bayan unguwarku ya gani.