Tsakuwar Matsarmama: A Yi Tiyata ko A Lallaɓa? Bayani ga Jama'ar Tambuwal da Kebbe

Mun shirya wannan bayani ne domin jama'ar ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, da kuma hakimai, da kansiloli, da ma'aikatan lafiya na karkara waɗanda mutane kan tunkara da neman shawara idan likita ya ce wa wani nasu yana da tsakuwa a matsarmama. Tambayar da ke biyo baya a irin wannan hali ɗaya ce: a yarda a yi tiyata a cire, ko kuwa a ci gaba da lallaɓa ciwon da magani da kiyaye abinci? Amsar ta danganta da yadda ciwon ya bayyana, da lafiyar mai shi, da kuma nisan gidansa daga asibitin da ake fiɗa. Hukuncin ƙarshe yana hannun majiyyaci da likitan da ya duba shi.

Mece ce matsarmama?

Duk wanda ya taɓa gyaran kayan cikin rago ya san matsarmama, wadda wasu ke kira maɗaciya: 'yar jakar nan mai koren ruwa da ke manne a ƙarƙashin hanta, wadda ake cirewa a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama da ɗaci. Ta ɗan Adam ma haka take, a ɓangaren dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Tsawonta santimita 7 zuwa 10 ne. Ba ita ke yin ruwan ɗacin ba. Hanta ce ke yin sa, ita kuwa ajiya kawai take yi. Idan mutum ya ci abinci mai maiƙo sai ta matse, ta tura ruwan ta wata siririyar magudana zuwa cikin hanji domin ya taimaka wajen narkar da kitse. Wannan ne dalilin da ya sa mutum ke iya rayuwa lafiya lau bayan an cire ta, domin ruwan zai ci gaba da gangarowa daga hanta zuwa hanji kai tsaye.

Tsakuwa na samuwa ne idan abubuwan da ke cikin ruwan suka daskare. Iri biyu ne. Akwai wadda ke fitowa daga wani nau'in kitse da ake kira kolestarol, wadda ta fi kama mata, da masu ƙiba, da waɗanda suka yi haihuwa da yawa, da waɗanda suka haura shekara 40. Akwai kuma baƙar tsakuwa da ke fitowa daga yawan mutuwar ƙwayoyin jini. Wannan ta biyu ita ce ta fi shafar masu amosanin jini, wato sikila, kuma takan same su tun suna yara ko matasa. Ganin yadda sikila take da yawa a arewacin ƙasar nan, muna jan hankalin iyaye cewa ba kowane ciwon ciki na mai sikila ba ne tashin ciwonsa na kullum.

Yadda ake gane ta

Ciwon yakan taso ne farat ɗaya a saman ciki, ta dama ko a tsakiya daidai ƙahon zuciya, sau da yawa bayan cin abinci mai maiƙo ko cikin dare. Yakan harba zuwa baya ko kafaɗar dama, ya zo da tashin zuciya ko amai, ya ɗauki rabin awa zuwa awoyi kaɗan, sannan ya lafa kamar ba a yi ba. Saboda wurin da yake kamawa, mutane da yawa sukan ɗauka gyambon ciki ne, su yi shekaru suna shan maganin olsa daga kemis.

Ba a tabbatar da tsakuwa da ido ko da taɓa ciki. Sai an yi hoton ciki na na'ura, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, kuma ana buƙatar mutum ya zo bai ci abinci ba na kimanin awa 6. Likita zai iya ƙarawa da gwajin jini domin duba hanta, saboda ciwon hanta da ƙurjin hanta da gyambon ciki duk suna iya kawo zafi a wuri guda. Samun tsakuwa a hoto ba shi ne ke nuna ita ce ke kawo ciwon ba. Wannan magana tana da muhimmanci, za mu sake komawa kanta.

Idan tsakuwar ba ta damun mutum

Kimanin kashi 80 cikin 100 na masu tsakuwa ba su san suna da ita ba, sai dai a gan ta bisa tsautsayi lokacin da ake hoton wani abu dabam. Daga cikin irin waɗannan, mutum 1 zuwa 4 ne kawai cikin 100 ke fara jin ciwo a kowace shekara. Sabili da haka likitoci ba su ba da shawarar a yi musu tiyata. Ana keɓe wasu 'yan kaɗan, kamar wanda tsakuwarsa ta haura santimita 3, ko wanda aka ga wani tsiro a jikin matsarmamar, ko wasu masu sikila, waɗanda likita zai yi wa bayani na musamman. Wanda aka ce wa lallai ne a fiɗe shi alhali bai taɓa jin ciwo ba, yana da haƙƙin ya nemi ra'ayin likita na biyu kafin ya sayar da dabba ko gona.

Idan ciwo na zuwa yana tafiya

A nan ne zaɓin yake da wuya, kuma a nan ne ya kamata iyali su zauna su yi tunani.

Shekara da shekaru, abin da aka saba shi ne a cire matsarmama da zarar ciwo ya fara. Wani likita Bajamushe mai suna Carl Langenbuch ne ya fara yin wannan aiki a birnin Balin a 1882, ta hanyar tsaga ciki. A 1985 wani Bajamushen, Erich Mühe, ya yi shi ta ƙananan huji da taimakon madubin leƙa ciki, kuma wannan hanya ce ta mamaye ƙasashen da suka ci gaba. A ƙasar nan ana yin ta a wasu manyan asibitoci, amma tsaga ciki har yanzu hanya ce da ake bi sosai, kuma hanya ce ingantacciya a hannun gwani. Bambancinsu yana wajen murmurewa. Mai ƙananan huji kan koma gida a ranar ko washegari, ya koma harkokinsa cikin kamar mako 2. Wanda aka tsaga kan kwana 3 zuwa 5 a asibiti, kuma yana buƙatar mako 6 ko fiye kafin ya ɗauki kaya mai nauyi ko ya kama fartanya.

Amfanin tiyata a bayyane yake: an raba mutum da wurin da tsakuwa ke taruwa, kuma an rage haɗarin ta toshe wata hanya nan gaba. Amma tana da nata haɗari. Akwai zubar jini, da ruɓewar rauni, da matsalar maganin barci. Mafi muni shi ne a ji wa babbar magudanar ruwan ɗaci rauni, abin da ke faruwa ga kimanin mutum 3 zuwa 5 cikin 1,000, kuma gyaransa sai babban asibiti. Wasu kuma sukan yi fama da gudawa ko kumburin ciki na ɗan lokaci bayan aiki. Har ila yau, wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, aka buga a 2019, ya nuna cewa kusan mutum 4 cikin 10 na waɗanda aka duba domin wannan tiyata suna ci gaba da jin wani ciwon ciki bayan shekara guda. Dalili ɗaya shi ne abin da muka ambata a baya: wani lokaci tsakuwar tana nan, amma ba ita ce mai laifin ba.

A watan Disamba na 2023 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka gudanar a asibitoci 20 na Birtaniya kan mutum 434 masu irin wannan ciwo marar rikici. An raba su gida biyu, wasu aka sa su layin tiyata, wasu aka bar su da maganin zafi da shawarar abinci. Bayan wata 18 ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakaninsu wajen jin ciwo, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na waɗanda aka lallaɓa suka ƙare da yin tiyata a cikin wannan lokaci. Wannan ya nuna cewa jira ba wauta ba ce ga wanda ciwonsa bai tsananta ba.

Sai dai a ganinmu bai kamata a ɗauko wannan sakamako a ɗora wa mutumin Kuchi ko Girkau ko Sanyinna ido rufe ba. Waɗanda aka yi binciken a kansu suna zaune ne inda motar asibiti ke zuwa ƙofar gida cikin mintuna. Daga garin Tambuwal zuwa Sakkwato tafiyar kimanin kilomita 100 ce, daga ƙauyukan Kebbe kuwa ta fi haka, ga halin da hanyoyin karkara ke shiga da damina, ga wahalar samun mota cikin dare. Wanda ya zaɓi jira, ya zaɓa ne tare da yiwuwar ciwon ya rikice masa a lokacin da fita ke da wuya. Tiyatar da aka shirya aka sa rana ta fi ta gaggawa sauƙi, da aminci, da rangwamen kuɗi. Don haka wanda ciwon ya tasar masa sau biyu ko uku, ko yana hana shi aiki, ko yana da ciwon sukari ko sikila, kuma gidansa na nesa da asibiti, muna ganin karkata ga tiyata ya fi masa. Wanda kuwa sau ɗaya ya taɓa ji, ko tsoho mai ciwon zuciya wanda maganin barci zai yi wa nauyi, yana da hujjar lallaɓawa a ƙarƙashin kulawar likita.

Manomi na iya roƙon a sa masa rana bayan kaka, idan an kammala girbi kuma akwai abin hannu, matuƙar likita ya ga ciwon zai iya jira. Mace mai juna biyu akan lallaɓa ta har ta haihu. Idan tiyata ta zama dole, watanni uku na tsakiya ne aka fi so.

Abin da lallaɓawa ta ƙunsa

Lallaɓawa ba ta narkar da tsakuwa, rage tashin ciwo kawai take yi. A rage soye-soye, da kitse, da man shanu, da yawan mai a miya. A lura musamman da buɗa-baki a watan azumi da kuma kwanakin Babbar Sallah, lokacin da ake cin soyayyen nama ba ƙaƙƙautawa. A yawaita gero da dawa da wake da ganye irin su zogale da rama. Mai ƙiba ya rage ta sannu a hankali, domin ramewa da sauri ita kanta tana haifar da tsakuwa. Maganin zafi kuwa likita ne zai zaɓa, saboda wasu daga cikin waɗanda ake saye a kemis suna cin ciki da ƙoda.

Akwai ƙwayar magani da ke narkar da ƙananan tsakuwoyi na kolestarol, amma sai an sha ta wata 6 zuwa shekara 2, ba ta aiki kan baƙar tsakuwar masu sikila, kuma kusan rabin waɗanda ta yi wa aiki tsakuwar kan dawo musu cikin shekara 5.

Dole mu ce wani abu kan haɗin man zaitun da lemun tsami da ake tallatawa da sunan wankin matsarmama. Masu sha sukan ga wasu korayen dunƙule-dunƙule a bayan gida, su ɗauka tsakuwar ce ta fita. A 2005 wasu masana a ƙasar Niyu Zilan suka gwada irin waɗannan dunƙule, suka tarar man ne da ruwan lemun suka haɗu a hanji suka daskare kamar sabulu. Tsakuwar tana nan inda take, kuma shan mai da yawa haka na iya tayar da ciwon. Tsaga da ƙaho da sakiya a kan ciki su ma ba su kai wa gare ta.

Lokacin da babu sauran zaɓi

Akwai alamun da idan suka bayyana, maganar jira ta ƙare, sai asibiti a wannan rana. Su ne ciwon da ya wuce awa 6 bai lafa ba, da zazzaɓi mai rawar sanyi tare da ciwon ciki, da idanu su yi ɗorawa irin na shawara tare da fitsari ja da bayan gida fari-fari, da amai da ya ƙi tsayawa, da ruɗewa ko jiri. Ma'anarsu ita ce matsarmamar ta kumbura, ko tsakuwa ta sauka ta toshe babbar magudana, ko ta taɓa wata gaɓa da ke bayan tumbi wadda likitoci ke kira fankiriyas. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya kisa. Mun san al'adar da ke cewa shawara ba ta son allura, sai jiƙo da saiwa. Shawarar da toshewar tsakuwa ta kawo ba ta jin jiƙo, kuma kowace rana da aka ɓata a gida tana ƙara haɗari. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya tsira, likitoci sun haɗu a kan a cire masa matsarmama, sau da yawa cikin mako ɗaya ko biyu.

Inda za a je da abin da za a tambaya

Matakin farko shi ne asibitin gwamnati mafi kusa, kamar babban asibitin Tambuwal ko na Kebbe, inda za a duba majiyyaci a ba shi takardar turawa idan akwai buƙata. A Sakkwato akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru na jiha. Waɗanda hanyar Jega ta fi musu sauƙi suna iya nufar manyan asibitocin Birnin Kebbi. Wanda ke da rajistar inshorar lafiya, ko ta hukumar SOCHEMA ta jiha ko ta hukumar tarayya da dokar 2022 ta kafa, ya fara tambayar abin da rajistarsa ta ɗauka kafin ya biya komai.

Kafin sa hannu a takardar amincewa, majiyyaci ko waliyyinsa ya tambayi likita ko ya tabbata tsakuwar ce ke kawo ciwon, da wace hanya za a bi, da jimillar kuɗin aiki da magani da gado, da kuma ko za a buƙaci jini domin 'yan uwa su shirya. A gaya wa likita duk wani magani da ake sha, har da na gargajiya. Ga hakimai da kansiloli da kwamitocin raya unguwa kuwa, taimakon da ya fi amfani shi ne a san direban da za a iya tasa cikin dare a kowace gunduma, kuma a ƙarfafa wa majiyyaci ya adana takardar hoton cikinsa, ya riƙa tafiya da ita duk asibitin da ya je.