Gazawar Samfurin Zobe Ɗaya Wajen Kwaikwayon Na'urar Gano Ƙarfe a LTspice

Gabatarwa

Tun da manhajar SPICE ta fito daga Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a 1973, masu ƙera na'urori suka samu damar gwada da'irar lantarki a kwamfuta kafin su taɓa waya. Masu haɗa na'urar gano ƙarfe sun saba wakiltar abin da ke binne da zobe guda: kwayil da rizista a rufe, a ɗaura shi da kwayil ɗin bincike ta umarnin K, lokacin dushewarsa kuma L bisa R ne. Grant da West sun yi amfani da wannan samfuri a 1965 don sauƙaƙa bayani, kuma ya yi aikinsa. Matsalar ita ce waɗanda suka ɗauke shi tamkar cikakken hoton ƙarfe, alhali tun 1951 Wait ya warware lissafin ƙwallon ƙarfe a cikin maganaɗisu mai sauyawa, kuma abin da ya fito bai yi kama da zobe ɗaya ba.

Hanyar aiki

An ɗauki na'ura mai aiki da bugun lantarki, da ƙwallon jan ƙarfe mai faɗin santimita 2. Lissafi ya ba da lokutan dushewa a jere: mikirosakan 738, sai 185, sai 82, wato na farko a raba da n², inda n ke nuna matsayinsa a jerin. Kowane lokaci aka ba shi zobensa, wato reshe, mai kwayil na mikirohenri 738 da rizista mai om 1, 4, 9 har zuwa 100, ƙarfin ɗaurinsa kuma na reshen farko a raba da n. An kwatanta jimlar rassan da cikakken lissafi a mikirosakan 20 bayan yanke wuta.

Sakamako

Idan aka bi wannan ɗauri, dukkan rassan suna fara dushewa daga ƙarfi iri ɗaya, kuma a nan ne samfurin zobe ɗaya ke faɗuwa. A mikirosakan 20 reshen farko ya riƙe 0.97 na ƙarfinsa, na biyu 0.90, na uku 0.78. Cikakkiyar jimla kuwa 4.9 ce. Ke nan zobe ɗaya yana nuna kashi ɗaya cikin biyar kacal na siginar da za ta iso kwayil. Rassa uku sun kai kashi 54 cikin ɗari, biyar sun kai 78, sai da aka kai goma aka samu 98.

Dalilin a fili yake. Da zarar an yanke wuta, lantarkin da ya taso a jikin ƙarfen yana taruwa a fatarsa ta waje, sannan ya riƙa nutsawa ciki sannu a hankali. Zobe ɗaya ya san ƙarshen wannan tafiya ne kawai, ga shi kuma na'ura a farkonta take ɗaukar ma'auni. Wanda ya saita amfilifaya bisa wannan kwaikwayo zai tarar ta cika ta tumbatsa a gaban babban ƙarfe, ya ɗora laifin a kan kayan haɗi.

Ga ƙaramin abu labarin ya sauya. Ƙwallo mai faɗin milimita 2 lokacinsa mikirosakan 7.4 ne, reshe na biyu ya riga ya mutu kafin a auna. Mai neman ƙwayar zinariya, irin waɗanda suka cika Jado a Nijar tun 2014, zobe ɗaya ya ishe shi. Wataƙila shi ya sa kuskuren ya daɗe ba a kula da shi ba.

Iyakoki

An ɗauka cewa bugun ya daɗe har maganaɗisu ya ratsa ƙwallon, kuma yankewar nan take ce. Gajeren bugu zai ƙara rage rabon reshen farko, abin da ke ƙarfafa hujjarmu. Baƙin ƙarfe bai shiga ba, domin yana jawo maganaɗisu ta hanyar da rufaffen zobe ba ya iya kwaikwaya, haka ma jar ƙasa mai ma'adinai, wadda siginarta ke raguwa da 1/t, tana buƙatar nata jerin rassan daban.