Daga Garin Madara Zuwa Karsana: Tarihin Aikin Agajin Cocin 'Yan'uwa, 1937-1947

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bin diddigin yadda mabiya wani ƙaramin coci a Amurka suka tattara kayan agaji suka aika da su ƙetare, da kuma tambayar da aikin ya haifar: wace irin kyauta ce ke fitar da mabuƙaci daga buƙata? Cocin 'Yan'uwa ya samo asali ne a Jamus a 1708, kuma an san mabiyansa da ƙin ɗaukar makami. Ba baƙo ba ne a Nijeriya, domin 'yan mishansa sun sauka a Garkiɗa a 1923, kuma daga aikinsu ne Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta tsiro.

2.0 Mafarin Aikin

A 1937 wani manomi ɗan jihar Indiyana mai suna Dan West ya tafi Sifen aikin agaji, lokacin yaƙin basasar ƙasar. Aikinsa shi ne rabon garin madara ga yara. Da yake madarar ba ta isa, dole a zaɓi wanda za a ba, a bar wani da yunwa. Wannan ya sa ya fahimci cewa kofin madara na yini guda ne, amma saniya mai ba da nono abinci ce ta shekaru. Da ya koma gida sai ya roƙi manoman cocinsu su riƙa keɓe karsana don mabuƙata. A 1944 aka aika da rukunin farko zuwa tsibirin Puerto Rico, bisa sharaɗin cewa duk iyalin da aka ba karsana za su miƙa 'yar maraƙar farko ga wasu iyalin.

3.0 Tattarawa da Jigila

A wannan shekara ta 1944 cocin ya sayi gine-ginen wata tsohuwar kwaleji a New Windsor, jihar Maryland, ya mai da su cibiyar tara kaya. 'Yan sa-kai, maza da mata, su ne ke tantance tufafi da barguna da takalma, su gyara, su ɗaure dila-dila, a kai bakin teku.

Jigilar dabbobi ta fi wuya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, hukumar agaji ta UNRRA tana da jiragen ruwa da dabbobi, amma ba ta da masu kiwo. Sai aka ƙulla yarjejeniya a 1945: cocin ya samo makiyaya, hukumar kuma ta ɗauki karsanonin cocin kyauta. Daga 1945 zuwa 1947 kimanin mutum 7,000, manoma da ɗalibai da malaman coci, suka raka dawaki da alfadarai da shanu zuwa Folan da Girka da Italiya da Sin.

4.0 Kammalawa

Bisa abin da ya gabata, za a ga cewa agajin ya kasu gida biyu. Bargo da riga sun tsare rai a lokacin hunturu, amma sukan tsufa su ƙare. Karsana kuwa tana haihuwa, kuma sharaɗin miƙa maraƙa yana mai da mai karɓa ya zama mai bayarwa, ya tsira da mutuncinsa. Wannan tunani ya yi kama da al'adar haɓɓanaye ta Fulani, inda ake ba wanda ya rasa garke aron saniya, ya riƙe 'ya'yanta, ya mayar da uwar. Shirin Dan West ya ɗore har ya zama ƙungiyar Heifer International. Wannan ya nuna cewa gwargwadon yadda kyauta ke hayayyafa a hannun wanda aka ba, gwargwadon haka take daɗewa.