Tarihin gyaran karatun noma a Jami'ar Yamai

 

Hirarmu ta yau tarihi ce. Kowa ya san malamin gona. Shi ke zuwa gari ya duba hatsi, ya yi maganar iri da taki da maganin ƙwari. Bisa gare shi akwai injiniyan noma, wanda ya yi karatun jami'a. Abin da injiniya ya koya, shi yake gaya ma malamin gona. Abin da malamin gona ya ji, shi ke isowa gonarka. Saboda haka karatun da ake yi can Yamai ya shafi rumbunka.

Kowace jami'a tana da takardar da ake ce ma tsarin karatu. Cikinta ake rubuta darussan da ɗalibi zai yi, da awowin kowane darasi, da yawan shekaru, da jarrabawa, da lokacin da zai yi cikin karkara. Wanda bai cika abin da ke cikin takardar ba, ba ya samun shaidar ƙare karatu. An gyara wannan takarda ba sau ɗaya ba. Bari mu bi gyare-gyaren daki-daki.

Zamanin gujiya

Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, ba ta da jami'a. Makarantar Kollo, kusa da Yamai, tana horon malaman gona tun zamanin Turawa. Wanda ke son karatu mai zurfi sai ya fita waje, ya tafi Katibugu ta ƙasar Mali, ko Faransa.

A wannan zamani gujiya ce babbar hajar da ƙasa ke saidawa waje. A 1962 anka kafa SONARA don cinikin gujiya, anka kafa UNCC don ƙungiyoyin manoma da bashi. Hankalin ma'aikatan gona ya fi karkata ga gujiya da kaɗa, don su ke kawo kuɗi. Hatsi da dawa da wake, abincin gida, an fi barin su ga manomi da dabararsa.

Sai fari ya zo. Daga 1968 ruwa ya riƙa ja da baya, a 1973 abin ya kai maƙura. Bisashe sunka mutu, rumbuna sunka ƙare. A 1975 kuma ƙwari da ciwo sunka faɗa ma gujiya, ba ta sake komawa matsayinta na da ba. Ƙasa ta gane wanda ba ya ci da kansa ba shi da cikakken ƴanci.

1974: makarantar noma ta buɗe

An aza harsashin karatun jami'a a Yamai a 1971. A 1973 ta zama Jami'ar Yamai, Bubakar Ba ne shugabanta na farko. A 1974, ana cikin zafin yunwa, anka buɗe Babbar Makarantar Noma a cikinta. Shekarar nan ce anka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai, mai lura da ruwan sama da yanayi. A 1975 anka kafa INRAN, ma'aikatar binciken noma ta ƙasa, wadda ke da babbar tasha a Tarna, kusa da Maraɗi.

Yaro mai takardar bak yana shiga makarantar noma ya yi shekara 4, ya fito injiniyan dabarun noma. Shekarun farko na tushe ne: lissafi, kimiyyar sinadari, sanin tsiro da dabba, sanin duwatsu da ƙasa. Bayan nan ya kama fanni guda: ko shuka, ko kiwo, ko ruwa da daji. Shekarar ƙarshe ya fita karkara ya yi bincike, ya rubuta littafi, ya kare shi gaban malamai.

Wa anka yi ma wannan tsari? An yi shi don ma'aikacin gwamnati. Wanda ya ƙare, gwamnati ke ɗaukarsa, ta tura shi ofishin noma ko wani babban aikin raya karkara. Shi ke kawo dabara daga bisa: ga iri, ga taki, ga garmar shanu. Manomi shi ke karɓa.

1984: ilimi ya fito daga gona

A 1982 anka yi babban taro a Damagaram bisa manyan ayyukan raya karkara. Taron ya nuna an kashe kuɗi da yawa, amfanin bai kai yadda anka yi fata ba, don ba a shawarci manoma yadda ya kamata ba. A 1984 fari ya komo. A wannan shekara anka yi taron Maraɗi na yaƙi da hamada. A wannan shekara kuma makarantar noma ta zama babban sashe na jami'a, wato fakulte. Cikin rassanta akwai na sanin ƙasar noma, akwai na zaman jama'ar karkara da tattalin arzikinsu. Ma'anar wannan ita ce sanin tsiro kaɗai bai isa ba. Sai an san mai gonar, da yadda ake gadonta, da wanda ke da iko da icen da ke cikinta.

Maganar icce ta isa misali. A da, dabarar ma'aikata ita ce a reni ɗiyan itace cikin leda, a dasa. Da yawa ba su rayuwa, ko rana ta ƙone su, ko awaki su cinye. Dokar daji ta 1974 ta hana saran waɗansu itatuwa irin su gawo, mai gona na tsoron tara, sai ya sassabe tsiron tun yana ƙarami. A 1983 wani mutumin Ostareliya mai aiki a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura kututturan da ke cikin gonaki suna da rai. Shi da manoma sunka fara barin toho mai ƙarfi, suna rage sauran. Wannan ne sassaben zamani. Manomi ya koya ma manomi. Bayan shekara 20 masu bincike sunka auna, sunka ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200.

Haka tassa. A 1989 waɗansu manoman Illela sunka ziyarci Yatenga ta Burkina Faso. Sunka ga yadda ake gina ƙananan ramu a faƙo, a zuba taki, ruwa ya kwanta ciki. Da sunka komo gida sunka gwada, ƙasar da ta mutu ta ba da hatsi.

Ba cikin aji anka haifi waɗannan dabaru ba. Daga gona sunka shiga jami'a. Ɗalibai da yawa sun rubuta littafin ƙarshen karatunsu bisa sassaben zamani da tassa da rabin wata. Malamai sun auna, sun ƙidaya, sun tabbatar da abin da manomi ya gani da idonsa.

Wani abu kuma ya sake. Daga ƙarshen shekarun 1980 kuɗin gwamnati ya ƙaranta, ta daina ɗaukar duk wanda ya ƙare. Injiniya ya koma neman aiki ga ƙungiyoyi masu zaman kansu, ko ga ƙungiyoyin manoma, ko ya kama sana'ar kansa. Tsarin da anka yi don ma'aikacin ofis ya fara yi masa kaɗan.

2010: shekara 4 ta koma 3

Gyara mafi girma daga waje ya taso. A 1999 ministocin ƙasashen Turai 29 sunka taru a Boloniya ta Italiya, sunka shirya daidaita karatun jami'o'insu. Faransa ta bi. A 2007 ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashe 8 masu kashe kuɗin sefa, ta umurci ƙasashenta su bi wannan tsari. A 2010 gwamnatin Nijar ta sa hannu bisa dokarsa. Sunansa LMD: lisansi shekara 3 bayan bak, masta a ƙara 2, dokta a ƙara 3.

Ga yadda lisansi take. An raba shekara 3 zango 6. Kowane darasi yana da awonsa, ana ce ma awon kiredi. Ku ɗauke shi kamar tiya. Kiredi guda aikin awa 20 zuwa 25 ne, har da karatun da ɗalibi ke yi shi kaɗai. Kowane zango kiredi 30 ne. Wanda ya tara 180, buhunsa ya cika, ya samu lisansi. Darasin da ya ci ya zama nasa, ba ya zubewa ko da ya faɗi wani. Takardarsa kuma ana gane ta a Dakar da Wagadugu da Kotonu.

A 2010 ɗin nan anka kafa jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram. Ta Maraɗi, mai sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, sashenta sunansa sashen noma da ilimin muhalli. Sunan kaɗai ya nuna tafiyar da anka yi tun zamanin gujiya.

Abin da ke gaban masu gyara

Kayan shekara 4 ba su shiga buhun shekara 3 sai an rage. Me za a rage? In an rage darussan tushe, yaro ya fito bai san dalilin abin da yake yi ba. In an rage zaman karkara, ya fito bai taɓa ganin ƙuduji na cin hatsi ba. Zaman karkara shi ya fi tsada, don yana son mota da mai da masauki, ga ɗalibai sun yawaita. Damana kuma wata 3 ce zuwa 4, ba ta jiran jarrabawa. Ga sabbin darussa na neman wuri: sauyin yanayi, noman rani, ajiyar amfanin gona, kasuwancin albasar Galmi, aiki da kwamfuta.

Akwai maganar harshe. Karatu da Faransanci ake yin shi, manomi kuwa Hausa yake ji, ko Zabarmanci, ko Fillanci, ko Barbarci, ko Buzanci. A 1992 anka sa ma jami'ar sunan Abdu Mumuni, masanin hasken rana, wanda ya shugabance ta, ya rasu a 1991. Tun 1964 ya rubuta littafi bisa ilimi a Afirka, ya nemi a ba harsunanmu wuri cikin makaranta. Injiniyan da ba ya iya bayyana dabararsa da harshen mai gona, rabin iliminsa ya tsaya a hanya.

Jama'a, tarihin nan ya nuna mana gyaran da ya yi albarka shi ne wanda ya saurari gona. Nan ne aikinku yake. Yanzu kun iya rubutu. Ku samu littafi, ku rubuta ranar ruwan shuka, da irin da kunka shuka, da yawan takin da kunka zuba, da damman da kunka samu. Ran da ɗalibi ya sauka garinku, ku ba shi masauki, ku kai shi gona, ku buɗe masa littafin. Abin da zai ɗauka nan yana iya shiga tsarin karatun ƙannensa.

Tambayoyin tattaunawa a cibiya

1. Wace shekara anka buɗe makarantar noma a Jami'ar Yamai? Me ya faru a ƙasa lokacin?
2. Kiredi nawa ɗalibi ke tarawa ya samu lisansi?
3. Wace dabara ce ta garinku kuke so a koya ma ɗaliban noma? Ku rubuta ta cikin layi biyar, ku ba malaminku ya aiko mana.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu damana mai albarka.