Daga Kanya Babba zuwa Magarya: tarihin bishiya da mai ita

Kanya Babba, da ke ƙaramar hukumar Babura, gari ne mai sunan bishiya. Idan muka nausa arewa muka shiga Jamhuriyar Nijar, za mu iske Magarya, ita ma sunan bishiya gare ta. Tsakanin garuruwan nan biyu ƙasa ɗaya ce mai jigawa, gero ɗaya ake nomawa, fari ɗaya ake sha. Amma yadda aka bi da bishiya a ɓangarorin biyu ya sha bamban, kuma tarihin wannan bambanci shi ne abin da za mu duba a wannan mako.

Tun kafin a san wata ma'aikatar gandun daji, kakanninmu na barin itatuwa a cikin gona da gangan. Ɗorawa don kalwa da daddawa, kuka don miya, tsamiya don kunu, kanya da aduwa don 'ya'yansu. Gawo kuwa matsayinsa daban ne, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana. Da rani ya yi kore, dabbobi su ci 'ya'yansa, su huta a inuwarsa, su bar wa gona taki. Shi ya sa geron gindin gawo yakan fi na sauran gona kyau. A Damagaram har yau ana ba da labarin yadda sarakunan ƙarni na 19 suka tsananta hukunci a kan mai saran gawo. Kowace bishiyar gona tana da mai ita, ana gadonta kamar yadda ake gadon gonar.

Da Turawa suka zo, sai suka shigo da dokar daji. Aka yanke gandaye, aka naɗa malaman daji, aka ce wasu itatuwa ba a saransu sai da takarda. A 1935 wani masanin daji ɗan Ingila, E. P. Stebbing, ya wallafa cewa Sahara na gangarowa kudu za ta cinye ƙasar Hausa, ya ba da shawarar a kafa doguwar katangar daji a tare ta. Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937, ya dawo ya ce bai ga hamada na tafiya kamar yadda aka faɗa ba. Duk da haka tunanin katanga bai mutu ba.

Farin 1972 zuwa 1974 ne ya farfaɗo da shi. Gero ya ƙone, dabbobi suka mutu, iska ta riƙa kwashe ƙasar gonaki. A lokacin yankinmu na cikin tsohuwar Jihar Kano, domin sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. Gwamnati ta shiga dasa shingayen bishiyoyi a arewacin jihar, dogayen layukan turare da darbejiya da aka gitta wa iska. Daga 1987 Bankin Duniya ya sa kuɗi aka faɗaɗa aikin a jihohin arewa. Waɗannan su ne dogayen layukan itatuwa da muka tashi muna gani a tsakiyar gonaki.

Shingayen sun yi amfani: sun rage ƙarfin iska, sun tsayar da rairayi, ƙasar da aka gudu aka bari ta sake nomuwa. Sai dai binciken da masana irin su Onyewotu da Stigter suka yi a Yambawa, kusa da Dambatta maƙwabciyar Kazaure, ya nuna inda aka yi kuskure. Saiwar turare na kutsawa cikin gona tana ƙwace wa gero ruwa, kuma da aka gwada datse saiwar sai amfanin da ke gefen shingen ya ƙaru. An kuma ba shingayen tazara fiye da inda kariyarsu ke kaiwa, tsakiyar filin ya zauna a buɗe. Babban abin shi ne an tsara aikin ba tare da manoman da aka ratsa gonakinsu ba. Manomi na kallon bishiyar da ke shan ruwan geronsa, kuma ba tasa ba ce. Me zai sa ya yi gadinta?

Yanzu mu tsallaka iyaka. A Nijar dokar Faransa ta 1935, da wadda ta gaje ta bayan 'yancin kai, sun mayar da itatuwa mallakar hukuma. Manomi na tsoron tarar jami'in daji, don haka gara ya tumɓuke tsiro tun yana ƙarami. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya da ke Maraɗi, Tony Rinaudo, wanda dashensa ya yi ta mutuwa, ya lura cewa ƙananan kurmin da ake sassabewa kowace shekara tohon kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Dabarar ba ta da tsada: lokacin sharar gona a zaɓi rassa masu ƙarfi a bar su, a rage sauran, a kare su daga dabbobi. Yunwar 1984 ta sa aka haɗa wannan da rabon abinci, mutane da yawa suka gwada. Suka sa masa suna sassaben zamani.

Abin da ya ɗore da shi kuwa, jami'an daji sun sassauta, manomi ya gane cewa abin da ya raina nasa ne, zai yi makamashi da shi, zai sayar. Dokar daji ta 2004 ta ƙara ƙarfafa wannan haƙƙi. Ƙiyasin masu bincike ya kai kimanin hekta miliyan 5 da bishiyoyi miliyan 200 a kudancin Nijar. A yankin Magarya, Matameye da Mirriya yawancin abin da ya dawo gawo ne, wato tsohuwar al'adar nan ta kakanni ce ta farfaɗo.

Yau mun sake komawa kan katanga. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, kuma Jigawa na cikin jihohi 11 da ya shafa. Kowace damina ana bikin dashen itatuwa, a raba tsirrai, a ɗauki hoto. Da rani kuma buhunan gawayi ne jere a bakin hanya, saboda tsadar gas da kananzir ta mayar da gidaje kan itace. Tsiron da aka dasa a watan Agusta, idan ba wanda zai ba shi ruwa ya killace shi, awaki sun gama da shi kafin Maris.

Ƙungiyoyin matasanmu na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura da ke fafutukar kare muhalli suna da darasi a nan. Kafin a ƙirga tsirran da aka raba, a fara tambaya: wannan bishiya ta wa ce, wa zai ci moriyarta, wa zai hukunta wanda ya sare ta da dare? A zauna da mai unguwa da dagaci, da makiyaya masu sassakar ganye, da mata masu neman makamashi, a yi yarjejeniya. Bana kuma idan aka zo sharar gona, mu duba tohon gawo, kalgo da sabara da ke ƙarƙashin addarmu, mu bar wasu su tashi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa.