Barikin Chindit da 'yan Burma da ba su dawo ba

1/ A Zariya na tashi, kullum sai na wuce barikin Chindit. Wallahi a zatona sunan wani Bature ne. Sai da na girma na gane ashe labarin kakanninmu ne a rubuce a ƙofar. Ku biyo ni.

2/ A Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta kwashi sojojin Afirka ta Yamma, runduna ta 81 da ta 82, ta kai su Burma, wato Myanmar ta yau, su yaƙi Japan. 'Yan Arewa na da yawa a ciki, don Hausa ce ma yaren bariki a lokacin.

3/ Chindit sunan dakarun Janar Wingate ne, waɗanda aka sauke da jirgi a bayan Japanawa a 1944. Bataliyar Najeriya uku na cikinsu. Barikin Kalapanzin na Kaduna kuwa, sunan kogi ne a yankin Arakan. Dalet ma daga can ne. Har Dodan na Legas, inda su Gowon da Murtala suka yi mulki, ba dodo ba ne jama'a, wani wuri ne da aka gwabza a Burma.

4/ Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne 'yan dako. Daji ba hanyar mota, ga duwatsu, ga ruwan sama, ga zazzaɓi. A ka suke ɗaukar harsashi da abinci, da yawansu ko bindiga babu. A haka aka kai Myohaung a Janairun 1945.

5/ Ƙanin kakana na cikin waɗanda suka tafi. Ba gawa, ba kabari. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen sojoji kusan 27,000 da ba a san makwancinsu ba. Har yau ban yi ƙarfin halin neman sunansa ba.

6/ Na san wani zai ce ai yaƙin Turawa ne. Gaskiya ne, wasunsu ma ba da son ransu suka shiga ba, hakimai aka sa su kawo mutane. Amma fa uwar da aka ɗauke wa ɗa tamu ce.

7/ Duk 15 ga Janairu ana ajiye furanni, a saki tattabaru, a watse. Ni dai sunaye nake so. In akwai ɗan Burma a gidanku, ku faɗa mana garinsu da abin da aka ba ku labari. Allah ya jiƙan su.